Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin KACCIMA Da Na Kasuwannin Kano Kan Sa Wa Ma'aikata Ido Da Na'urori

Zuwa ga Shugaba da 'yan majalisar Cibiyar Kasuwanci, Masana'antu, Ma'adinai da Noma ta Kano, wato KACCIMA, tare da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari da Dawanau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku, iyayenmu kuma iyayen gidanmu, na rubuto muku ne a kan wani al'amari da ya shigo shagunanmu da masana'antunmu da ofisoshinmu ba tare da an zauna an yi masa tsari ba, wato yadda ake amfani da kyamarori da na'urorin dangwala yatsa da na bibiyar ababen hawa da manhajojin kwamfuta wajen sa wa ma'aikata ido. Ni akawu ne, abincina duba littattafan shaguna da na ƙananan kamfanoni a wannan gari, saboda haka nakan zauna da mai dukiya a ofishinsa, nakan kuma zauna da yaransa a bakin sito. Abin da nake ji daga ɓangarorin biyu ne ya sa na ga ya dace maganar ta zo gabanku, domin ku ne ake jin maganarku a unguwannin masana'antu na Bompai da Sharada da Challawa, ku ne kuma ake kawo wa ƙara idan rigima ta tashi a cikin kasuwa.

Yau duk wanda ya ga dama zai iya shiga Farm Centre ko titin Beirut da safe ya sayi kyamarori huɗu, kafin la'asar an ɗaura masa su, an kuma haɗa su da wayarsa, ta yadda zai kasance a Dubai ko a Guangzhou wajen saro kaya amma yana kallon wanda ya shigo shagonsa da wanda ya fita. A masana'antu da makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci, littafin sa hannu na ƙofar shiga ya ba na'urar dangwala yatsa wuri. Masu motocin dakon kaya da masu ba da adaidaita sahu haya suna sa tiraka, wadda ke nuna musu inda abin hawa yake, wata ma har a iya kashe injin da ita daga nesa. A ofisoshi kuwa akwai manhajojin da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutar ma'aikaci a kai a kai, suna ƙirga shafukan intanet da ya buɗe da mintocin da ya yi bai taɓa komai ba. Kayan sun yi arha, sun kuma iso mu da sauri, amma ƙa'idar amfani da su ba ta biyo su ba.

Ba zan ɓoye ba, mai dukiya yana da hujja mai ƙarfi. Na duba littattafan da aka wayi gari dila guda ta atamfa ta yi ɓatan dabo tsakanin sito da kanta, na ga lissafin da aka daɗe ana gutsurarsa kaɗan-kaɗan har sai da jarin ya rame, na kuma ga dattijon da ya yi shekaru yana tara abin hannunsa, yaron da ya ɗauka kamar ɗan cikinsa ya durƙusar da shi. Wanda ya sa kyamara a kan durowar kuɗi, ko a ƙofar sito, ko a inda ake loda kaya, bai yi wa kowa laifi ba. Hasali ma kyamara takan zama shaidar marar gata, domin sau da yawa idan kaya suka ɓace, ƙaramin yaro ko ɗan dako ake fara nuna wa yatsa, sai a duba faifan a ga ashe hannun na kusa da maigida ne. Saboda haka ba na roƙonku ku hana kowa tsare dukiyarsa. Abin da nake kawo kuka a kansa shi ne inda ido ya tashi daga kan kaya ya koma kan mutum, kan jikinsa da hirarsa da wayarsa da iyalinsa da lokacin da ya tashi daga aiki.

Akwai wani wurin sayar da kayan masarufi da na yi wa aikin ƙididdigar ƙarshen shekara. A bayan wurin akwai ɗan ɗaki guda da ake ajiye katan-katan, kuma da yake babu wani keɓantaccen wuri a ginin, a nan ma'aikata mata suke cire hijabi su sa rigar aiki, a nan suke yin sallar azahar, a nan kuma wata mai jego take shayar da jaririnta idan ƙanwarta ta kawo shi da rana. Ina zaune a ofishin manaja muna tattara rasidai, sai idona ya kai kan allon da aka raba gida takwas, na ga ɗakin nan a gida na ƙarshe, ana ganin darduma da takalman da aka cire da komai. Da na tambaya, sai aka ce mini ai saboda katan-katan ɗin aka sa, kuma ba na shakkar cewa niyyar ke nan. Amma allon yana kunne a ofishin da direba yake shiga, mai kawo burodi yake shiga, abokan manaja suke zama cin abincin rana, sannan matan nan babu wadda aka taɓa gaya wa cewa ɗan baƙin abin da ke kusurwar silin kyamara ce. Babu ɗaya daga cikinku da zai yarda a yi wa 'yarsa ko matarsa haka, ko da kuwa an rantse masa da Alƙur'ani cewa katan-katan ake gadi. Gyaran kuma bai fi a juya kyamarar ta kalli ƙofa daga waje ba.

Wasu kyamarorin da ake sayarwa yanzu suna ɗaukar murya, kuma da yawa daga cikin masu sayen ba su ma yi tunanin abin da hakan ke nufi ba. Ɓarawo ba ya sanar da sata da baki, saboda haka sauraron murya ba ya ƙara wa dukiya tsaro. Abin da maigida yake samu a ciki shi ne hirar yaransa: wanda matarsa ta yi yaji, wanda ake bin sa kuɗin haya, wanda yake neman aiki a wani wuri, wanda ya yi ƙorafin cewa albashi ya yi kaɗan. Na san inda aka sallami yaro ba don ya taɓa ko kwabo ba, sai don an ji shi a faifai yana cewa Alhaji yana da maƙo. Haka kuma mai sayayya da ya tsaya a gaban kanta yana waya da iyalinsa, shi ma ana naɗar maganarsa bai sani ba, alhali bai ɗauki aiki a wurin kowa ba.

Mafi muni a ganina shi ne abin da ake yi da wayar hannu. Ya zama ruwan dare idan lissafi bai cika ba a tara yara a ce kowa ya buɗe wayarsa ya miƙo, a shiga WhatsApp, a shiga saƙonnin banki, a shiga hotuna. A wasu wuraren ba a ma jiran a yi asara, manaja yakan karɓi waya ya duba duk lokacin da ya ga dama, wasu kuma sai an amince a sa wa wayar wata manhaja kafin a ba da aiki. Wayar mutum a yau ta ƙunshi abin da da can yake cikin adakar ɗakinsa: hirarsa da matarsa, hotunan 'yan'uwansa mata a gida babu mayafi, sakamakon gwajin asibiti, bashin da ya ci da wanda ya bayar. Idan an buɗe ta, ba asirinsa kaɗai aka buɗe ba, har da na duk wanda ya taɓa aika masa saƙo bisa amana. Idan ka yi wa mai shago wannan magana, amsar da ke bakinsa ita ce mara gaskiya ko a ruwa gumi yake, wanda bai ɗauki komai ba me zai ɓoye? Amma ai mutum ba don ya yi laifi yake rufe ƙofar ɗakinsa ba. Shi kansa Alhajin da ke wannan magana ba zai miƙa wa yaran shagonsa tasa wayar su duba ba, kuma ba wanda zai ce hakan na nuna shi ɓarawo ne.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce ai yaron da kansa ya yarda. A nan nake so ku dubi irin yardar da ake magana a kai. Saurayi ya yi shekara biyu yana zaman kashe wando bayan gama makaranta, kawunsa ya yi ta sintiri har aka samo masa gurbi a wani shago, a ranar farko aka ce masa ga sharaɗi. Wane bakin ne zai iya cewa a'a? Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a shekarar 2024 bai ma hau kan wuraren da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato yawancin yaran kasuwanninmu ba su cikin lissafin, kuma ƙalilan ne a cikinsu suke da takardar ɗaukar aiki, duk da cewa Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Wanda abincin gidansu yake hannunka, idan ya gyaɗa maka kai, dole ce ta sa shi. Yardar da za a kafa hujja da ita ita ce wadda mutum zai iya ƙi ba tare da ya rasa aikinsa ba.

Ya ku iyayenmu, wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin addininmu ya riga kowace doka yin ta. Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a aya ta 12 ta Suratul Hujurati mu nisanci da yawa daga zato, domin wani sashe na zato zunubi ne, sannan nan take ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma hana gulma, kuma wanda ya lura zai ga yadda ukun suke bin juna a wurin aiki: zargi ya sa a leƙa, abin da aka gano kuma ya zama abin hira a majalisa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'awiya, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan ka bi diddigin aibobin mutane za ka lalata su, ko ka kusa lalata su. Malaman da suka yi bayani a kan aikin hisba, irin su Imam Mawardi, sun ce ko muhtasibi, wanda hukuma ce ta naɗa shi, ba shi da ikon bankaɗo abin da aka ɓoye, sai fa idan amintacce ya kawo masa labarin wata ɓarna da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. Idan wanda aka ɗora wa tsare tarbiyyar gari aka yi masa wannan iyaka, ban ga ta inda biyan albashi zai ba mutum abin da ya fi haka ba. Gaskiya ne ma'aikaci amintacce ne a kan dukiyar da aka damƙa masa, kuma za a tambaye shi a kanta. To amma abin da aka yi ijara a kansa aikinsa ne na wasu sa'o'i sanannu, ba a sayi rayuwarsa ba.

Dokar ƙasa ma ta iso wurin, ko da yake labarinta bai shiga kasuwa sosai ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A watan Janairun 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanan mutane, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC domin sa ido a kan aiwatar da ita. Dokar ta keɓe wanda ke tara bayanai don harkar kansa ko ta gidansa kawai, amma shago da kamfani da makaranta ba gida ba ne. Hoton fuskar ma'aikaci a faifai, da muryarsa, da inda tiraka ta nuna yake, duk bayanansa ne a idon doka. Sashe na 24 na wannan doka ya ce a tara bayanai a bayyane kuma bisa adalci, domin wata manufa da aka ambata, kada a ɗauki fiye da abin da manufar ke buƙata, kada a riƙe su fiye da lokacin da ake buƙatarsu, kuma a tsare su daga hannun da bai dace ba. Sashe na 26 ya ɗora wa mai tara bayanan nauyin tabbatar da cewa an ba shi izini, ya kuma ce shiru ba izini ba ne. Zanen yatsa da bayanin lafiya da addini da ƙabila da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago suna cikin bayanan da dokar ta fi tsaurarawa a kansu. Tarar da ake cin ƙaramin mai tara bayanai idan ya karya dokar takan kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari. A shekarar 2024 hukumar ta sanar da cin tarar wani bankin kasuwanci naira miliyan 555.8 a kan bayanan abokan hulɗarsa. Ga kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kano, kuma tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010 aka ba ta ikon duba kyawawan ɗabi'un aiki da duniya ta amince da su idan za ta yanke hukunci.

Wannan ne ya sa abin da aka yanke a wasu ƙasashe ya shafe mu. Tun shekarar 1997 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buga ƙa'idojinta a kan bayanan ma'aikata, inda ta ce a sanar da ma'aikaci tun da wuri dalilin sa masa ido da lokacin da hanyar da za a bi, kada a yi a ɓoye sai idan doka ta yarda ko akwai zargi mai tushe na babban laifi, kuma kada a yi ba ƙaƙƙautawa sai don lafiya da tsaro ko kare dukiya. A Romaniya an kori wani injiniya mai suna Barbulescu a 2007 saboda ya yi amfani da manhajar aika saƙo ta Yahoo Messenger ta wurin aiki ya yi hira da ɗan'uwansa da budurwarsa, kamfanin kuma ya karanta saƙonnin ya buga su a takarda. Bayan shekara goma, a watan Satumban 2017, babban zauren Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ya yanke cewa an tauye masa haƙƙi, domin kotunan ƙasarsa ba su bincika ko an sanar da shi tun farko cewa za a karanta abin da ya rubuta ba, ko akwai hanyar da ta fi sauƙi da za ta wadatar. Ku lura, a kan akwatin saƙon wurin aiki ne ma aka yi wannan shari'a, ba wayar aljihunsa ba. Amma kotun nan dai, a 2019, ta goyi bayan wani babban kanti a Sifaniya da ya sa ɓoyayyun kyamarori a kan masu karɓar kuɗi, saboda an riga an ga giɓi mai yawa a lissafi wata bayan wata, an takaita kallon ga wurin karɓar kuɗi, an yi shi na kwana goma kacal, kuma mutane ƙalilan ne suka ga faifan. Hukunci na biyun ya nuna cewa ko inda aka fi tsananta wannan magana ba a ɗaure hannun mai dukiya ba, an dai nemi ya zo da dalili da iyaka.

Akwai wani ɓangare da ba na jin ana maganarsa a kasuwa, wato makomar abin da aka tara. Wanda ya zo ya ɗaura kyamara sau da yawa shi ne ya zaɓi lambar sirri, ko ya bar wadda na'urar ta zo da ita daga masana'anta, kuma shagon yana nan a wayarsa shekara da shekaru bayan an biya shi ya tafi. Manajan da aka sallama bara, wa ya cire shi daga manhajar? Ma'aikacin da ya bar aiki, wa ya goge zanen yatsansa daga na'urar ƙofa? Lambar sirri ana canza ta idan ta fita, amma yatsa ba a canza shi, kuma da shi aka yi wa mutum rajistar BVN da NIN. Na sha ganin fom ɗin ɗaukar aiki, da hoto da lambar NIN da adireshin gida da sunan wanda ya tsaya wa mutum, a jibge cikin kwali a ƙarƙashin tebur, duk wanda ya sunkuya zai ɗauka. A Jamus, hukumar kare bayanai ta Hamburg ta ci kamfanin tufafi na H&M tarar yuro miliyan 35.3 a shekarar 2020, ba ma a kan kyamara ba, a kan cewa manajoji a cibiyarsa ta Nuremberg suna jan ma'aikata da hira idan sun dawo daga hutu ko jinya, sannan su rubuta rashin lafiyarsu da matsalolin iyalinsu da addininsu su adana a kwamfuta. Asirin ya tonu ne a 2019 da wani kuskuren saiti ya buɗe bayanan ga ma'aikatan kamfanin na wasu sa'o'i. Duk abin da aka tara yana iya fita wata rana, kuma idan ya fita, wanda ya tara shi ne za a tuhuma.

Sai kuma ɗabi'ar nan da ta yi yawa ta yaɗa faifan wanda ake zargi. Kyamara ta nuna yaro ya sa hannu a durowa, kafin a tambaye shi ko aike aka yi masa, an tura faifan zauren WhatsApp na 'yan layi, daga nan ya faɗa Facebook da TikTok, da sunansa da unguwarsu. Wani lokaci ma a ɗora masa kayan a ka a ɗauke shi sabon hoto yana kuka. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar, ɓata suna kuma laifi ne a dokokinmu. Ko da ya tabbata ya ɗauka, hukuncinsa yana wurin alƙali, ko wurin sulhun dattawan kasuwa, inda ake biya a rufe magana, yaro ya tuba ya nemi wata sana'a. Faifan intanet kuwa ba ya goguwa. Zai je neman aure a nuna wa iyayen yarinya, ƙannensa mata su ji kunyar fita, mahaifiyarsa ta daina zuwa biki. Kanawa sun gina kasuwancinsu a kan rufin asiri, har ya zama addu'ar da ɗan kasuwa ya fi yi wa kansa, saboda haka abin mamaki ne a ce mu ne muka fi saurin tona na ƙasa da mu.

Maganar tiraka gajeriya ce. Mota ko babur dukiyar mai shi ce, yana da ikon sanin inda take, kuma ta taimaka wajen gano waɗanda aka sace. Amma idan direba ya cika balas ɗinsa, ko ya tashi daga aiki aka bar masa babur ya tafi gida, kiran sa da safe a tambaye shi me ya kai shi wata unguwa da daddare ya wuce gona da iri. Kashe inji daga nesa kuwa, alhali ba a san ko yana tsakiyar titin Zariya da fasinjoji ba, wasa ne da rayuka.

Ko ta fuskar riba, ina ganin ana yin asarar da ba ta fitowa a littafi. Tsarin da ya raya Kwari da Sabon Gari shi ne uban gida ya jawo yaro, ya fara aikensa da ƙaramin kuɗi, ya ƙara masa, har ya kai ya bar masa shago ya tafi aikin Hajji, daga ƙarshe ya sallame shi da jari. A wannan tafiya ake gane mai amana, domin an ba shi damar ya ci bai ci ba. Yaron da ya san ana kallonsa kowane daƙiƙa yakan koyi aiki don ido: ya miƙe tsaye idan ya tuna da kyamara, ya daina jan mai sayayya da hira don kada a ce yana wasa, ya daina faɗa wa maigida gaskiyar abin da ke tafiya, ya kuma gano lungun da kyamara ba ta kaiwa. Mai gaskiyar cikinsu shi ne yake fara neman wani wuri, domin shi ne zargin ya fi yi wa ciwo.

Saboda haka ina roƙonku ku zauna da reshen Ƙungiyar Masu Masana'antu na Kano, da Ƙungiyar Ƙwadago ta jiha, da wakilan yaran shaguna, da malamai, da lauyoyin da suka san wannan doka, ku fitar da gajeriyar ƙa'ida da Hausa, wadda ba ta wuce shafi biyu ba, a karanta ta a gidajen rediyo, a liƙa ta a ofisoshin kasuwa. Ta ce duk inda aka sa kyamara a rubuta sanarwa a ƙofa, a kuma zaga da sabon ma'aikaci a nuna masa su ɗaya bayan ɗaya a ranar da ya fara aiki. Ta hana sa kyamara a banɗaki da wurin alwala da wurin canza kaya da inda mata ke keɓewa, ta kuma ce a kashe ɗaukar murya. Ta bayyana ƙarara cewa wayar da ma'aikaci ya saya da kuɗinsa ba a taɓa ta, wanda yake son a yi masa ciniki ta waya ya sayi ta shago ya faɗi sharuɗɗanta a rubuce. Ta ƙayyade mutanen da za su iya kallon faifai da kwanakin da za a ajiye shi kafin a goge, a canza lambar sirri da zarar mai ɗaurawa ya gama aikinsa, a kuma goge zanen yatsa da takardun wanda ya bar aiki idan ba a bukatarsu. Idan zargin sata ya yi ƙarfi har ana son bincike a ɓoye, a rubuta dalili, a iyakance wuri da kwanaki, kuma kada a yanke wa kowa hukunci sai an zaunar da shi an nuna masa abin da aka gani an ji ta bakinsa.

Ina kuma roƙon ku gayyaci hukumar NDPC ta zo ta yi wa 'yan kasuwa bayani da harshen da suke ji, ko a lokacin bajekolin da kuke shiryawa a filinku na titin Gidan Zoo, domin gara a ji dokar daga bakinku da a fara jin ta a takardar sammaci. Kwamitocin sulhu na kasuwanni kuma a ba su ikon karɓar ƙorafin yaron da aka buɗe wa waya ko aka yaɗa hotonsa, kamar yadda suke karɓar na maigidan da aka ci wa dukiya, a kuma tabbatar wanda ya kawo ƙorafi ba zai wayi gari an kore shi a kan haka ba.

Allah ya ƙara wa kasuwanninmu albarka, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani akawu mai duba littattafan shaguna,
Birnin Kano.